Ɗakunan karatun jama'a a Zariya: kafin a nemi tallafi, a tanadi wurin zuba shi

A zafin da ya wuce na raka ɗan ƙanwata, mai shirin jarrabawar JAMB, wani ɗakin karatu na jama'a a nan Zariya. Ba wuta, fankoki a tsaye, amma kujeru duk da mutane. Wata yarinya tana fifita da bangon littafin rubutu, ɗaya hannun yana bin layi da biro. A bakin ƙofa akwai tebur da wani babban littafin rajista, an ɗaure masa biro da zare, duk wanda ya shigo sai ya rubuta suna da unguwa. Na buɗe ina dubawa: Tudun Wada, Gyallesu, Tudun Jukun, Ƙofar Doka, Sabon Gari.

Na tambayi dattijon da ke kula da wurin ko sun taɓa neman tallafi daga wata gidauniya. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Malam, ai ko mun nema, in aka ce mu ba da lambar asusu, wace za mu bayar?"

Tun ranar tambayar nan take cina. Mun saba cewa babu masu taimako. Ni a ganina masu bayarwa suna nan, ko da ba su kai na da ba. Abin da muka rasa shi ne shirin karɓa.

A fara da asusun. Tun 2015 gwamnatin Kaduna ta koma tsarin asusun bai-ɗaya, inda kuɗin hukumomi ke taruwa wuri guda. Tsarin yana da amfaninsa wajen toshe ɓarna, amma mai ba da tallafi yana so ya ga inda kuɗinsa suka sauka, da wanda ya sa hannu aka fitar, da rasit na kowace naira. Reshen laburare da ke ƙarƙashin hukumar ɗakunan karatu ta jiha ba shi da wannan ikon shi kaɗai. Hanyar da ta rage ita ce mutanen gari su kafa ƙungiyar masoya ɗakin karatun, su yi mata rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC da kwamitin amintattu, su karɓo takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, da banki ke nema kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu, sannan su ƙulla yarjejeniya a rubuce da hukumar jihar kan abin da za su iya taɓawa a ginin da wanda ba za su taɓa ba. Aiki ne na zirga-zirga da haƙuri, ba wanda zai ɗauki hotonka kana yin sa. Amma kusan kowane fom na neman tallafi da takardar rajista yake farawa, kuma da yawa suna son ganin ƙungiya ta ɗan kwana biyu tana aiki, da rahoton kuɗi da mai bincike ya duba. Ƙungiyar da aka kafa saboda an ji sanarwa jiya, da wuya ta wuce matakin farko.

Sai sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da an ce laburare, mutane kan ce TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa ilimi mai zurfi. To dokar 2011 da ta kafa asusun ta keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati: jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru zai amfana, na unguwa kuwa ba ya ciki. Shirin Gidauniyar Gates na tallafa wa ɗakunan karatu a duniya ma an naɗe shi a 2018. Duk wanda ya ɓata wata guda yana rubuta musu, ya yi aikin baban giwa.

Waɗanda suka fi kusa da mu daban ne. Akwai asusun USPF da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC, wanda dokar 2003 ta samar don kai intanet da kayan sadarwa wuraren da aka bari a baya. Ofishin jakadancin Japan a Abuja yana da shirin ƙananan ayyukan al'umma, na gini da kayan aiki, ba ya biyan albashi. Book Aid International ta Landan sababbin littattafai take aikawa ta hannun ƙungiyoyin da take hulɗa da su, akasari da Turanci. Ƙungiyar EIFL mai tallafa wa ɗakunan karatu a ƙasashe masu tasowa da kuma AfLIA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka mai hedikwata a Accra, sun fi ƙarfi wajen horar da ma'aikata, kuma ta shafukansu sanarwa kan fito. Ma'aikacin laburare da ke cikin ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, NLA, yana jin irin waɗannan labarai tun da wuri.

Akwai wata ƙofa da nake ganin Zazzau ta fi ko'ina cancantar shiga. Laburaren Birtaniya yana da shiri tun 2004, da kuɗin gidauniyar Arcadia, na ceto tsofaffin takardun da ke fuskantar lalacewa. Ana ɗaukar hotonsu a inda suke, asalin ya zauna hannun masu shi, a ajiye kwafi a ƙasar, a kai wani Landan. Wanda ya taɓa zama a zauren malamai a cikin birni ya san gafakokin da ke jibge da littattafan Larabci da ajami, gara da damina suna cin gefensu. Malami ba zai miƙa gadon kakanninsa ga baƙo ba, kuma yana da gaskiya. Amma ɗakin karatun garinsu, da yaransa a cikin masu aikin, wannan maganar tana iya shiga kunnensa. Shirin yakan buɗe sau ɗaya a shekara, ana fara aika taƙaitaccen bayani, sai wanda aka gayyata ya rubuta cikakke.

Rubutun kansa shi ne inda muke yawan faɗuwa. Na ga takardun neman taimako da dama a ƙungiyoyin unguwa: shafi biyu na gaisuwa da yabo, sai "muna roƙon a taimaka mana da duk abin da ya sauƙaƙa." Ko kuma a jero gini da mota da kwamfuta ɗari da rijiyar burtsatse a takarda ɗaya, alhali in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mai duba takardar a Abuja ko Landan bai san Gyallesu ba. Abu uku yake nema: wace matsala ce, su wa ta shafa, me zai canja in ya bayar. A nan littafin rajistan nan mai biro da zare ya zama dukiya. A zauna a ƙirga mutum nawa suka shigo a wata, mata nawa, 'yan makaranta nawa, wane wata aka fi cika. A haɗa da hujjar da kowa ya sani: tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB, kuma akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko a gaban allon kwamfuta. Sai a ce muna neman sola da batura da kwamfuta ashirin, ga farashi daga 'yan kasuwa uku, ga wanda zai riƙa gyara, ga yadda za mu ƙirga yaran da suka koya a shekara.

Masu iya wannan rubutu kuwa ba nesa suke ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana cikin jami'o'in Najeriya da gidauniyoyin MacArthur da Carnegie suka tallafa wa tun farkon shekarun 2000, kuma tana da sashen koyar da aikin laburare. Akwai malamai a Samaru da Kongo da suka rubuta irin waɗannan takardu, suka samu, suka kai rahoto. Ban ga abin da zai hana a ba ɗaliban digiri na biyu aikin rubuta takardar neman tallafi ta gaske ga wani ɗakin karatu na gari ba, malaminsu ya duba, a aika.

Na san masu cewa wannan duk haƙƙin gwamnati ne, kuma bin gidauniyoyi sauke mata nauyi ne. Ina tare da su rabin hanya. Albashi da kuɗin wuta da gyaran rufi ba aikin mai tallafi ba ne, ba kuma zai ɗauka ba. Andrew Carnegie, attajirin Amurka da ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin duk shekara wajen tafiyar da wurin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Don haka takardar neman tallafi ita kanta hanyar matsa wa hukuma ce: ga wanda zai ba da sola, ranka ya daɗe, amma yana son wasiƙar alkawarin mai gadi da ma'aikaci. Irin wannan buƙata ta fi ƙorafi saurin samun sa hannu.

Kada kuma ido ya tsaya a waje. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai rasa masu kishin karatu ba: tsofaffin ɗaliban Barewa da Alhudahuda, 'yan kasuwar Sabon Gari, bankunan unguwar PZ, da ɗan majalisar mazaɓar Zariya da ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2023. Wakafi ma namu ne tun asali. Shago ɗaya da aka keɓe hayarsa don sayen littattafai zai daɗe fiye da tallafin shekara guda. Kuma gidauniyar waje takan fi sakin jiki idan ta ga 'yan gida sun riga sun zuba nasu.

Na koma wurin dattijon bayan sallah. Ya ba ni aron rajistan bara, da sharaɗin in dawo da shi ranar Litinin. Ni da ɗan ƙanwata muka raba shafukan, shi yana ƙirga sunayen mata, ni ina ware unguwanni.