Wanda ya ari tukunya shi ke mayar da ita

Shekaranjiya da la'asar na leƙa shagon ƙanena a nan Sakkwato, inda yake buga wa ɗalibai takardu. Tsohuwar kwamfutarsa mai Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ta ishe shi. Tunda ya sa sola ba ya kashe ta, amma da ta yi mako a kunne sai ta fara jan ƙafa kamar jakin da aka lafta wa kaya. Ya ce min, "Yaya, zafi ne." Mu dai a garin nan komai ya lalace zafi muke ɗora wa.

Ba zafi ba ne. Ramin da yake soka 'yar na'urar kama intanet ya yi sako-sako, ko teburi aka taɓa sai ta fita ta dawo. Da na buga dmesg, umarnin da ke nuna rahoton abin da ke faruwa a cikin kwamfuta, sai ga layuka birjik. Duk dawowar da ta yi, direbanta yakan karɓi wuri a memori, in aikin ya watse a tsakiya kuma ba ya mayarwa, har memori ya cika kwamfuta ta fara jan ƙafa.

Direba a nan ba na tashar mota ba ne. Ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin na'ura da kanel, wato zuciyar tsarin kwamfuta. In zai fara aiki yakan yi aro bi da bi: memori ta hanyar umarnin kmalloc, layin da na'ura ke kiran hankalin kwamfuta da shi, sannan rajistar na'urar a wurin kanel. Ku tuna hidimar biki. An aro kujeru daga maƙwabta, an aro rumfa, an aro manyan tukwane. In biki ya tashi lafiya kowa na tuna mayarwa. Amma a ce an ɗage ɗaurin aure da safe, rai a ɓace, wa zai tuna da tukunyar Inna? Kurakuran nan a irin wannan hanya suke ɓuya, wadda ba kowa ke gwadawa ba.

Harshen rubuta manhaja na C da Linus Torvalds ya fara Linux da shi a 1991 ba ya mayar maka da komai, da hannunka za ka yi. Shi ya sa ake amfani da goto, umarnin tsallakawa zuwa wani layi, a kai ga jerin mayarwa a ƙarshen aiki, abin da aka ara a ƙarshe shi ake fara mayarwa. Mantuwa ma da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne a mayar da abu sau biyu, ko a ci gaba da amfani da shi bayan an mayar. Ta nan masu kutse ke shiga, kuma wayoyin Android da ke aljihunmu a kan wannan kanel ɗin suke. A 2007 Tejun Heo ya kawo tsarin devm, mai mayar da aro da kansa in direba ya sauka. Ya rage wahala, amma wanda ya cakuɗa shi da mayarwar hannu ba lura sai ya rikita jerin. An kuma buɗe wa harshen Rust, mai kula da mayar da aro da kansa, ƙofa a Linux 6.1 a Disambar 2022, sai dai tulin tsofaffin direbobi na nan a C.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, duk matashinmu da ya koyi rubuta manhaja burinsa ya ƙera ta waya mai kyan fuska da zai nuna a Facebook. Gyaran layi uku raina shi ake yi. Alhali Dan Carpenter ya shafe shekaru yana farautar irin waɗannan kurakurai da manhajar bincike ta Smatch, Julia Lawall kuma da ta Coccinelle, kuma masu kula da kanel sun san darajarsu. Ta imel ake tura gyara, ba a neman biza, daga Mabera ko Gidan Igwai duk ɗaya. Sharaɗina guda: kar ka tura abin da ba ka gwada ba don sunanka ya fito.

Na mayar da na'urar wani rami, kwamfuta ta samu sa'ida, ni kuma na ɗauko irin na'urar gida don in gwada gyaran direbanta. Ƙanena dai jiya ya sayo mata fanka.