Kunne Ya Girmi Kaka: Nasiha Ga Masu Gudun Safe Da 'Yan Keke

Assalamu alaikum ƙannena samari, da ku 'yan mata da kuka fara shiga sahu.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, an sallame sallar asuba gari bai gama wayewa ba, wani matashi da bai fi shekara ashirin ba yana gudun motsa jiki a gefen kwalta kan titin gidan Zoo a Kano. Baƙar riga, baƙin wando, ya ba motoci ƙeya, kunnuwansa biyu a toshe da iyafis. Mai adaidaita sahu ya taho ta bayansa, tifa ta matso shi gefe, ya danna hon har sau uku, masu fitowa daga masallaci suna ta ɗaga murya. Yaron nan ko gezau. Gefen adaidaitar ya dake shi a kafaɗa, ya wuntsila cikin kwata. Allah ya taƙaita, targaɗe ne da ƙujewa. Da aka ɗago shi, abin da ya fara lalube a ƙasa shi ne iyafis ɗin da ya faɗi. Ko sannun da ake yi masa bai amsa ba.

Kada wani ya ce ana hana ku gudu ko hawan keke. Wallahi abin farin ciki ne a ga matasa sun cika Filin Sukuwa da sassafe, wasu suna hawa Dutsen Dala suna sauka, wasu sun jera kekuna kan titin BUK. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu. Ga hawan jini da ciwon suga sun shigo mana gida gida. Ku yi, Allah ya ƙara lafiya. Amma wannan ɗabi'a ta toshe kunne a kan titi, ita ce ta tsaya mini a rai, domin garin neman ƙiba ake samo rama.

Bari mu yi lissafi, tunda ku 'yan boko ne. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gan ka, ƙwaƙwalwarsa ta gane mutum ne, ƙafarsa ta bar totur ta taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta tafi, wato mita 25. Sannan motar ta ja wasu mita 20 kafin ta tsaya, in kwaltar a bushe take, tayoyin na kirki ne, birkin kuma yana ci. Mita 45 ke nan. To nawa ne cikin motocin da ke bin titunanmu da asuba suke da birki mai ci da fitila biyu? Wata ido ɗaya gare ta, ka ɗauka babur ne sai ta iso. Ƙara da hazon hunturu, ƙara da direban da ya kwana yana tuƙi daga Legas. Mai baƙaƙen kaya a irin wannan lokaci, sai an zo dab da shi ake ganinsa. Abin da ya rage maka na tsira shi ne ka ji ƙugin inji ko hon tun daga nesa, ka yi tsalle gefe. Daƙiƙa biyu sun ishe ka. Su ne kuma ka sayar da su saboda waƙa. In kunne ya ji, jiki ya tsira, haka iyayenmu suka ce, kai kuwa ka kama kunnen da hannunka ka cusa masa roba.

Abin ma ya ƙara lalacewa da irin iyafis na yanzu masu kashe ƙarar waje. An ƙera su ne domin su shanye daidai irin ƙugin nan na inji mai ɗorewa, kamar na jirgin sama. Shi ne ɗan'uwanmu ya saya da tsada ya shiga da shi tsakanin tirela da tifa. Ga baburan lantarki sun fara shigowa, waɗanda ko da kunne a buɗe da ƙyar ake jin tahowarsu. Wani zai ce ai kunne ɗaya kawai yake sa wa. Allah ya yi maka kunnuwa biyu ne domin ka gane ta inda sauti ya fito, ta dama ko ta hagu, kusa ko nesa. Ka toshe ɗaya, za ka ji hon amma ba za ka san ta ina za ka kauce ba, kuma hankalinka yana can wurin abin da ake rera maka. Wani kuma zai ce shi karatun Alƙur'ani yake saurare ko wa'azi. Madalla. Amma tifa ba ta san abin da kake ji ba, kuma Alƙur'anin da kansa ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka da hannuwanku.

Sai batun gefen da za a bi, wanda da yawa ba su ma san akwai ƙa'ida a kansa ba. Tun shekarar 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Saboda haka mai gudu ko mai tafiya a ƙasa, inda babu hanyar masu ƙafa, gefen hagu zai bi yana fuskantar motocin da ke tahowa, idonsa a kan direba. In ya zo lanƙwasa mai kaifi inda ba a hango juna, ya tsaya ya duba, ya tsallaka ɓangaren da za a gan shi, ya koma bayan ya wuce. Mai keke kuwa abin hawa yake kai, don haka hannun dama zai bi tare da motoci, ba ya bin wan-we. Dalili a fili yake: kai kana tafiyar kilomita 20, mota tana 50, in ta bayanka ta taho tazarar da ke tsakaninku tana rufewa da gudun 30, in gaba da gaba ne 70. Kuma direban da zai fito daga layi ba ya duba ɓangaren da bai sa ran ganin kowa ba. Tunda mai keke dole ya ba motoci baya, shi ya fi kowa buƙatar kunnensa. Amma ka tsaya a bakin titi ka ƙirga 'yan keken zamani goma, ka ga nawa ne kunnensu a buɗe. Da na sani ƙeya ce, kai kuma ƙeyar ka miƙa wa titi.

Shi keken ma, wa yake duba shi kafin ya hau? Minti biyu ne fa. Matse birkin gaba ka tura keken, tayar baya ta ɗaga. Matse na baya, tayar ta ja ƙasa. In hannun birki yana zuwa har ya taɓa sitiyari, wayar ta saki ko robar ta cinye, ya kamata a ce yatsa biyu na shiga tsakani. Duba robar birkin, in tsagogin da ke jikinta sun shafe a canza ta, kuma a tabbata rim take kamawa ba taya ba, don in tana gogar taya wata rana za ta yanka gefenta ta fashe kana cikin gudu. Birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayar da keke, amma in ka finciko shi shi kaɗai a gangara, ta saman sitiyari za ka fita. A matse biyun tare, a ja jiki baya. Da damina rim mai ruwa ba ya kamawa nan take, sai robar ta share ruwan tukuna, don haka a fara birki da wuri. Iskar da taya ke buƙata a rubuce take a gefenta: siraran tayoyin keken tsere kan sha 80 zuwa 100 a ma'aunin iska na PSI, masu kauri na keken dutse 30 zuwa 50. In iska ta yi ƙasa, ka faɗa rami, rim ya cije tif ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji, ka je kana zagin mai faci. Sarƙa kuma a daina zuba mata baƙin man inji, yana kama ƙurar hunturu ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran. A goge ta da tsumma, a ɗiga siririn mai, a sake gogewa. Sirdi a ɗaga shi yadda in ka ɗora diddige a feda tana ƙasa ƙafar za ta miƙe, in ya yi ƙasa gwiwa ce za ta biya. Farar fitila a gaba, ja a baya, hular kwano a ka, a ɗaure igiyarta. Motar da aka faka a ba ta tazarar mita ɗaya saboda ƙofa. Tirela kuma in za ta sha kwana kada ka kuskura ka shiga ta damanta, direban ba ya ganinka, kuma tayoyin baya suna yanko ciki fiye da na gaba.

Duk wannan kuma keke da kansa yana magana. Ƙarar ƙas-ƙas daga baya, waya ce ta tsinke a cikin taya. Kukan birki, robar ta ƙare ƙarfe na cin ƙarfe. Sarƙa in za ta zame tana faɗa tun kafin ta zame. Wa zai ji? Mai iyafis?

Haka jikin mai gudu. Masu koyar da gudu suna da ma'auni mai sauƙi: in kana gudu kana iya yin magana jimla guda ba tare da numfashinka ya yanke ba, gudun ya yi daidai. In sai kalma ɗaya ɗaya, ka wuce gona da iri. Mai farawa ya yi gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, ya maimaita sau takwas, kwana uku a mako, yana ƙara kaɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma a kowane mako. Amma wanda kiɗa ke kaɗa wa kunne, kiɗan yake bi. Ba ya jin hakinsa, ba ya jin yadda ƙafarsa ke dukan kwalta tim-tim, wanda shi ne alamar yana wurga ƙafa gaba da yawa yana sauka a kan diddige. Mako biyu sai ƙwauri ya fara zogi, na uku gwiwa, na huɗu takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Jiki magayi ne, amma sai an saurare shi. Ciwon ƙirji, jiri, ko ganin duhu, wannan a tsaya nan take a nemi likita, ba a ƙara sautin waƙa a ce ana jarumta ba.

Ban ma so in taɓo masu shan ƙwaya kafin su fito ba, amma ya zama dole. Yaro ya haɗiyi tiramol ko ya ɗaga gwangwani biyu na lemon ƙara kuzari da asuba cikinsa babu komai, wai don kada ya gaji. Zuciya tana bugawa kamar ganga, ciwon da ya kamata ya tsayar da shi an kashe shi. Wannan ba motsa jiki ba ne. Ga masu ɗaukar bidiyo, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya, ana murmushi domin TikTok. A gudun kilomita 25, kallon waya na daƙiƙa uku tafiyar mita 21 ce ido a rufe. Wasu kuma ba su ga sahun asuba ba amma sun ga sahun gudu, wasu sun fito ne kawai kallon 'yan mata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In ka yi magana a ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2023 ta nuna kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da 'yan keke da 'yan babur, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shekarunku ke nan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku yi wa kanku faɗa, ku yi wa juna faɗa, iyaye su ma su sa ido. Mai son kiɗansa ya shiga fili inda babu mota ya zagaya har ya gaji.

Akwai ma abin da ya fi hatsarin ci mini rai. Cikin haƙƙoƙin hanya da aka koya mana akwai amsa sallama da kawar da cuta. Yanzu dattijo zai yi wa yaro sallama, yaron ya wuce shi fuu kamar bai ga mutum ba. Makaho yana neman a tsallakar da shi, almajiri ya faɗi, wata baiwar Allah tana kiran a taimaka mata da kaya, babu wanda ya ji. Kowa ya kulle kansa cikin kansa.

Iyayenmu da kakanninmu sun hau keke fiye da yadda za ku taɓa hawa. Malamin makaranta ya taka Rali daga ƙauye zuwa birni ya koma a rana ɗaya, ba ya kiransa motsa jiki. Har masana'antar Rali an yi a Kano. Keke yana da lasin, yana da ƙararrawa, yana da fitila mai dinamo da ke gogar taya, kuma ɗan doka zai iya tare ka da dare in babu ita. Ranar Juma'a a wanke shi, a goge wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, a kai wa mai gyara ya ɗaure abin da ya saki. Mutum ya naɗe ƙafar wandonsa, ya hau a natse. In ya zo majalisar manya ya sauka ya tura, ya gaishe su, sai ya wuce sannan ya sake hawa. Tun daga bakin lungu ake gane ƙararrawar wane ce, yara su fito da gudu suna oyoyo. Yau keken dubu ɗari uku, giya ashirin da ɗaya, babu ƙararrawa, an cire ta wai tana ɓata masa kyau, kuma ko an bar ta, wanda za a kaɗa wa ma kunnensa a toshe yake.