Ƙarin ruwa ba abinci ba ne

Idan likita ya ce za a zura wa maras lafiya roba ta hanci don ba shi abinci, sau da yawa dangi kan ƙi, wai ƙarin ruwan da ake masa ya wadatar. Ina! Lita ɗaya ta ruwan sukari mai kashi 5 cikin ɗari giram 50 na sukari kawai ke cikinta, kalori 200 ke nan in ya yi yawa, alhali babban mutum na bukatar wajen 2,000 a rana. Ba furotin, ba maiƙo.

Akwai cikakken abinci na jijiya, amma galibi ta babbar jijiyar wuya ko ƙirji ake ba da shi, kuma yakan buɗe wa ƙwayoyin cuta hanyar shiga jini, ya ɗaga sukari, ya wahalar da hanta. Shi ya sa muddin hanji na aiki, likitoci sun fi son robar.

Ita ma da nata haɗarin: gudawa, ko abinci ya dawo ya faɗa huhu. Don haka ake ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, kuma kada mai kula da maras lafiyar ya ɗura kunu sai nas ta tabbatar robar na cikin tumbi.