Ruwa na malala a titi, famfon gidana na tofar da iska

Yau kwana 19 ke nan bututun da ke bakin layinmu yana ɓulɓulo da ruwa. Na ƙirga, domin kullum sai na tsallake shi in zan tafi sallar asuba. Duk ranar da aka sako ruwa, kafin gari ya waye titin ya koma fadama, agwagin maƙwabta na iyo, 'yan adaidaita sahu sun mayar da wurin wajen wanki. Ni kuwa da takardar kuɗin ruwa ba ta taɓa ɓatan hanyar gidana ba, in na murɗa famfo sai ya yi tari sau biyu kamar tsoho mai asma, ya tofo iska, ya yi shiru. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Sai in fita neman ɗan garuwa, jarka ɗaya naira 200, a gida mai mutum tara. Ku yi lissafin da kanku, ni na gaji.

Sau uku ina zuwa ofis kai ƙara. A na ukun aka haɗo ni da mutum biyu, ɗaya da diga, ɗaya da shebur, bayan na ba da abin da suka kira kuɗin mai. Suka haƙa, ga tsohon bututun asbesto ya tsage a tsaye, tsagar ta kai kamu ɗaya. Ina tsaye a kansu babban ya ciro robar tiyub ɗin mota daga buhu, ya yanka ta siri-siri, ya naɗe wurin kamar mai ɗaure karayar akuya. Na ce, "Malam, wannan zai riƙe kuwa?" Ya ce, "Alhaji, abin da aka ba mu ke nan." Ban ga laifinsa ba, wallahi. Kwana huɗu robar ta yi, ruwan ya sake ɓallewa, har ya fi na da. Gyaran gangar Auzinawa.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi ritaya daga aikin ruwa, shi ya zaunar da ni a kan bencinsa da yamma. Na ce, "Baba, me ya sa ba a gyaruwa?" Ya ce ai ba gyara abin yake so ba, tonewa yake so. Bututun asbesto da siminti ne, in ya tsufa sai ya yi laushi ya riƙa gutsurewa, kuma an binne shi ne lokacin da abin da ya fi nauyi a wannan hanya bai wuce jaki da mangala ba. Yanzu tifa ce maƙare da yashi ke bi ta kansa safe da yamma. Tsohon bututun ƙarfen zubi ma haka yake, yana da tauri amma ba ya jurewa. In ƙasa ta motsa sai ya fashe kamar tukunyar ƙasa.

Abin da ya dace da babban layi, in ji shi, shi ne ƙarfen zubi mai lanƙwasa, wanda injiniyoyi ke kira daktayil. Na bibiyi maganar daga baya, kuma ba sabon abu ba ne balle a ce ba a ji labarinsa ba. Tun a shekarun 1940 aka gano shi a Amurka, aka fara yin bututun ruwa da shi a shekarun 1950. Sirrin ɗan kaɗan ne: ana zuba sinadarin maganiziyam a cikin narkakken ƙarfe, sai gawayin da ke jikin ƙarfen, maimakon ya kwanta siri-siri kamar ɓarɓashi inda tsaga ke samun hanyar bi, ya dunƙule ƙanana kamar ƙwayar gero. Shi ya sa in nauyi ya danne shi yakan ɗan ba da kai, ba ya fashewa nan take. Ana shafe cikinsa da siminti don kada tsatsa ta gurɓata ruwan, a rufe bayansa da tutiya da baƙin fenti, in ƙasar mai cin ƙarfe ce a ƙara sa masa rigar leda. Kowane tsayi kusan mita shida ne, bakin wannan na shiga cikin bakin wancan da zoben roba a tsakani. In an binne shi yadda ya kamata, sai ya ga jikokin wanda ya binne shi.

To ina dalilin da za a ce birni kamar Kano, da ya san ruwan famfo daga Challawa tun shekarun 1930, yana da madatsar Tiga tun 1974, yana da matatar Tamburawa da aka gina don tace lita miliyan 150 a kullum, har yanzu robar tiyub ce ke tsakanin ruwan da bakin 'ya'yanmu? Ana kashe kuɗi a janyo ruwa daga kogi, a sa alif, a sa kulorin, a ƙona man dizal a tura shi, sannan a zubar wa agwagi. Kowa na son a ɗauke shi hoto yana yanka ƙyalle a gaban sabuwar matata ko rijiyar burtsatse mai tankin da aka rubuta sunansa. Bututu kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, ba ya fitowa a hoto.

Asarar ruwan ma da sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne wanda Baba ya nuna mini da sandarsa. Tsagar tana dab da kwata. Muddin akwai ruwa a bututun, ƙarfinsa na tura komai waje. Da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya shiga zuƙar abin da ke kewaye da shi. Abin da ke kewaye da shi a layinmu kuwa ruwan kwata ne, da wankin kayan jarirai, da abin da ba zan rubuta a nan ba. Shi ya sa ranar da ruwa ya yi kuskuren isowa gida, bokitin farko yakan fito ruwan ƙasa-ƙasa da wani wari. A damunar bara ƙaramar 'yata ta kwanta da taifot, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce wane ruwa muke sha. Duk shekara ana shelar amai da gudawa a rediyo, ana cewa mu wanke hannu. Da wane ruwan?

Na san za a ce ƙarfen yana da tsada, daga waje ake shigo da shi, ga dala ta yi tashin gwauron zabi. Gaskiya ne. Kuma ba laya ba ne: in ɗan kwangila ya jefa shi a rami ba tare da shimfiɗa yashi ba, ko ya binne shi sama-sama, ko mai katafila ya zo aikin titi ya caka masa haƙori ya tafi abinsa, shi ma zai yoyo. Mu ma da namu. Kowane gida ya huda babban layi ya zaro siririn bututun roba ta cikin lambatu, mai hali ya ɗaura injin zuƙo ruwa ya bar na ƙarshen layi da iska. Amma ni ba ni na karɓi harajin ba, ba ni na san inda taswirar bututun take ba, in ma tana nan. Kuma tsadar da ake gudu, mu muke biyan ta jarka-jarka, da kuɗin kemis.

Da safiyar nan wani ya kafa reshen darbejiya a ramin don kada babur ya faɗa. A gefensa na tarar da ɗan garuwanmu ya jingine kurarsa, ya tara mazurari a bakin tsagar yana cika jarkokinsa. Muka haɗa ido, ya ce, "Alhaji, guda nawa za a kawo?" Na ce huɗu.