Majalisar Dokokin Bauchi da ƙuri'ar da muke jefawa ido rufe

Ranar 18 ga Maris, 2023, a rumfar zaɓenmu da ke harabar wata makarantar firamare a cikin garin Bauchi, wata dattijuwa da ke gabana a layi ta karɓi takardun ƙuri'a biyu daga hannun malamin zaɓe, ta jujjuya su, sannan ta tambaye shi: “Ɗana, wacce ce ta gwamna?” Da ya nuna mata, sai ta ɗaga ɗayar ta ce, “To wannan kuma ta mece ce?” Wannan ta biyun ita ce ta ɗan Majalisar Dokokin Jiha, mutumin da zai zauna shekara huɗu yana magana da yawunta. Ban ga laifin Baba ba ko kaɗan, domin takardar ba ta ɗauke da sunan kowa sai alamomin jam'iyyu, lema da tsintsiya da kwandon kayan marmari da sauransu, kuma duk hayaniyar yaƙin neman zaɓe a kan kujerar gwamna aka yi ta.

Kujeru 31 ne a majalisar, kuma ikon da tsarin mulkin 1999 ya ɗora a kansu ba ƙarami ba ne. Gwamna ba shi da hurumin taɓa kuɗin baitulmalin jiha sai majalisa ta amince da kasafi, kwamishina ba ya kama aiki sai ta tantance shi, sashe na 128 ya ba ta damar binciken yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin da aka ware musu, sashe na 188 kuma ya ba ta ikon tsige gwamna ko mataimakinsa. Dokokin da ke tafiyar da ƙananan hukumominmu 20 daga zaurenta suke fitowa. Hatta gyaran tsarin mulkin ƙasa ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun sa hannu, kuma a wannan matakin ne ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi ya sha maƙalewa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan kuɗaɗensu a watan Yulin 2024.

Mutanen Bauchi ba baƙin rarrabe ƙuri'a ba ne. A 2015 an yi “sak”, guguwar Buhari ta kwashi 'yan takarar APC daga sama har ƙasa, ciki har da waɗanda ko a unguwarsu ba a san su sosai ba. Amma a 2019 sai aka dafa wake da shinkafa: jihar ta zaɓi Buhari a shugaban ƙasa, ta kayar da Gwamna Mohammed Abdullahi Abubakar na APC ta ɗora Bala Mohammed na PDP, sannan ta bar wa APC rinjaye a majalisa. A takarda wannan shi ne abin da ake nema, wato gwamna daga wata jam'iyya, masu sa masa ido daga wata.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. A watan Yunin 2019, ranar ƙaddamar da majalisa, wasu 'yan majalisar da ba su kai rabi ba suka yi sammako suka zaɓi Abubakar Y. Suleiman na Ningi a matsayin kakaki, ragowar da suka fi yawa kuma suka taru a waje cikin harabar majalisa suka zaɓi Kawuwa Shehu Damina na Darazo. Duka mutanen biyu 'yan APC ne a lokacin. Rikicin ya kai har Majalisar Tarayya, aka ɗauki makonni ana ja-in-ja kafin a sasanta, kuma ɓangaren da ke ɗasawa da gidan gwamnati ne ya riƙe kujerar. Daga baya kakakin ya koma PDP. Rinjayen da masu zaɓe suka bai wa wata jam'iyya a akwati ya narke tun ba a fara aiki ba.

Ba wannan ne karon farko ba, kuma ba ɗabi'ar jam'iyya ɗaya ba ce. A 2007 jama'a suka zaɓi Isa Yuguda a ƙarƙashin ANPP. Da ya sauya sheƙa zuwa PDP a 2009, mataimakinsa Garba Gadi ya ƙi bin sa, majalisa ta tsige shi, sai kotu ce ta mayar da shi kujerarsa a 2010. Sashe na 109 na tsarin mulki ya faɗa ƙarara cewa ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta dare gida biyu, amma kakaki ne ke da alhakin ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa a kanta, kuma sau da yawa shi ma yana cikin ayarin masu ƙaura.

Saboda haka ina ganin tambayar da ake yawan yi, wace jam'iyya ce za ta samu rinjaye, ba ta kai ga tushen matsalar ba. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa ya ba ɗan takarar tikiti? Tun a zaɓen fidda gwani ake gama magana. Idan an zauna a Bauchi ko Abuja an rubuta sunaye, an kira abin masalaha, an lallashi sauran masu nema su janye, ko kuma an tara daliget a otal an raba musu abin da aka raba, to wanda ya fito ya san wanda ya yi masa riga, kuma ba talakan mazaɓarsa ba ne. Ranar da kasafin kuɗi ya zo gabansa, ba zai tambayi dalilin da ya sa asibitin garinsu ba shi da likita ba. Zai ɗaga hannu ne tare da saura. A kan wannan PDP da APC ba su da bambancin a zo a gani, kuma ƙananan jam'iyyu irin su NNPP da PRP galibi sun zama mafakar waɗanda aka hana tikiti a manyan, ba su cika rainon nasu 'yan takarar tun daga mazaɓa ba.

Mu ma masu zaɓe muna da namu kason. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidan ɗan majalisa da safe ya ga layin: wannan riƙe da takardar magani, wancan da katin ɗaurin aure, wani kuma kuɗin jarrabawar ɗansa yake nema. Talauci ne ya kawo su, kuma ba zan zargi mai jinya da neman taimako ba. Sai dai idan da wannan mudun kaɗai muke auna wakili, to mu ne muke tura shi neman kuɗi, kuma hanyar kuɗin ta gidan gwamnati take bi. An sa 'yancin kuɗin majalisun jihohi a tsarin mulki tun 2018, aka sake jaddada shi a gyaran 2023, ma'aikatan majalisu ma sun yi yajin aiki a kansa, amma doka ba ta 'yantar da mutumin da bashin siyasa ya yi masa katutu.

Kujerar majalisar jiha ita ce mafi kusa da hannun talaka. Mazaɓar ba ta wuce ƙaramar hukuma ɗaya ko wani yanki nata, kuma tun 2018 mai shekara 25 yana iya tsayawa. Ƙuri'u kaɗan ne ke raba gardama a cikinta, shi ya sa da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen kakakin a ƙarshen 2023, a wasu rumfuna kawai aka sake zaɓe a Ningi a watan Fabrairun 2024 kafin ya dawo. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal, da na manoma a Azare da Misau, da malaman makaranta a Dass da Toro, suna da yawan da zai tilasta wa kowane mai neman tazarce ya zauna a gabansu tun kafin fidda gwani, ya lissafa ƙudurorin da ya gabatar, da ranakun da ya halarci zama, da abin da ya faɗa lokacin da ake muhawara a kan kasafin lafiya da na ilimi.