Ranar da na yi wa zoɓo maganin tsami

Tsadar sukari ce ta ja min. Ranar Alhamis na dawo daga kasuwar Maigatari da ƙullin sukarin da bai cika tafin hannu ba, sai ga saƙo wai surukina zai biyo ta gidanmu bayan la'asar. Maiɗakina kuwa ta tafi suna, ta bar zoɓo jiƙe a bokiti, ta ce in tace in sa sukari kawai. Kawai fa ta ce.

Na tace, na ɗanɗana, tsami ya doki haƙorana har sai da na kanne ido ɗaya. Mu nan zoɓo a gonarmu yake, a tirela ake lodinsa har Meziko, amma ni ban taɓa haɗa na sha da hannuna ba. Na dubi bokiti, na dubi ƙullin sukari, na ga wannan aure ba zai ɗauru ba.

Nan dabara ta faɗo min. Tun ina yaro nake ganin Inna tana jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. To zoɓo ai ɗan yakuwa ne. Abin da ya yi wa uwa magani me zai hana ya yi wa ɗa? Na lalubo ungurnu a madafi, gaya guda kamar ƙwan zabuwa, na daka, na dama a kofi, na tuttula.

Bokiti ya ce shuuu! Kumfa ta taso tana neman baki. Ina kallo jan nan mai kyau ya rine ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan ya zarce wani kore mai duhu irin na kududdufin bayan gari a ƙarshen damina.

Daidai nan Inna ta shigo. Ta leƙa, ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! An yi mana jifa!"

Ta hau tofa addu'a tana lissafa waɗanda take zargi, ta fara da maƙwabciyar da suka yi cacar baki kan kaza shekaranjiya. Ni kuwa na tura kofin bayan turmi da ƙafa, na ce, "Wallahi Inna, duniya ta lalace."

Allah ya kawo Auta daga makaranta. 'Yar aji 5 ce a sakandare, ga ido kamar na shaho. Bokitin ta kalla sau ɗaya, sai ta zagaya bayan turmi ta ɗauko kofin ta shinshina.

"Yaya, kanwa ka sa?"

Na ce 'yar kaɗan.

Ta yi dariya har da zama a ƙasa. "Inna, ba jifa ba ne. Zoɓo asid ne, kanwa kuwa alkali."

Inna ta zaro ido. "Alƙali? Har maganar ta kai kotu?"

Auta ta ɗauki gawayi ta ja layi a jikin katanga, ta rubuta 0 a wannan gefe, 14 a wancan. Ta ce ma'aunin pH ke nan, tsabtataccen ruwa yana tsakiya a 7. Duk mai tsami ƙasa yake: lemon tsami wajen 2, tsamiya da nono duk 'yan gidan ne. Kanwa da ruwan toka da sabulu suna sama. Ta ce cikin kanwa akwai sodiyam kabonet, in ya gamu da asid sai ya saki iskar kabon dayoksaid, wadda ke cewa fuss in an buɗe lemon kwalba. Kumfar ke nan. Jan zoɓo kuma wani sinadari ne, antosayanin, hawainiya ce: cikin tsami ja, tsami na gushewa ya sake riga.

Na ce duk na ji, ya za a yi da Baba da ke kan hanya?

Ta ce a mayar masa da tsaminsa. Na ruga bakin titi na kwaso lemon tsami, kuɗinsa ya kusa ninka na sukarin da nake tattali. Muna matsawa, ja na dawowa, har Inna ta ce yarinyar nan a riƙa kiyayarta. Na juye sukari duka, na ji girmana ya dawo. Auta ta fara cewa, "Amma Yaya, in asid da alkali suka haɗu gishiri suke..." sai ga sallama a zaure.

Na shimfiɗa tabarma, na durƙusa, na miƙa kofi cike. Baba ya yi bismillah ya kurɓa. Ya yi shiru. Maƙogwaronsa ya hau, ya tsaya a sama kamar yana shawara, da ƙyar ya sauko. Ya ajiye kofin a hankali, nesa da shi.

"Madalla, ɗana. Na maganin ciki ne?"

Na ce e, Baba.

"To cikina lafiya lau. A ba ni ruwan randa."

Sauran na zuba wa awaki a kwatarniya. Su da suka saba lasar kanwa, har ture juna suke yi.