Bunsurun da Ya Jira Hukuncin Kotun Ƙoli a Gidana

Sana'ata cajin waya ce a bakin tashar ƙauyenmu, can gefen Ringim. Da yake janaretana ne ke ciyar da wayoyin gari, ni aka ɗora wa riƙon zauren WhatsApp na majalisarmu.

Rigimar ta tashi ne a daren 28 ga Mayu, 2022, da PDP ta yi zaɓen fid da gwani a Abuja. Tambuwal ya janye wa Atiku, aka ƙirga: Atiku 371, Wike 237, Saraki 70. Kafin asuba kawuna, wanda ke ƙarƙashin lema tun 1999, ya turo saƙon murya mai tsawon huɗuba, wai zaɓe ya ƙare, saura rantsarwa. Direban motar kasuwa, mutumin Kwankwaso mai jar hular da ko wanka ba na jin yana cire ta, ya mayar masa: "Kawu, a yi haƙuri, daliget ne suka yi maka wannan, ba talakawa ba."

Kuma direba bai yi ƙarya ba. Dokar zaɓe ta 2022 ta bar zaɓaɓɓun daliget kaɗai su kaɗa ƙuri'a. PDP ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC uku-uku. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, ka ga mutanen da suka yi magana da yawunmu a taron lema ba za su cika bas biyu ba. Da APC ta kammala nata ranar 8 ga Yuni, Tinubu ya kwashi 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, gwamnanmu na lokacin Badaru ma janye masa ya yi. Mai shayinmu ɗan tsintsiya ne na gani-kashe-ni, amma yana bin kawu da direba bashi, don haka bai ce uffan ba.

Ni kuwa na rubuta musu lissafi. Na ce shugaban ƙasa ba da yawan ƙuri'a kaɗai ake zama ba, sai an haɗa da kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa ukun jihohi, wato 24. Na ce wa direba ko Kano duka ta fito, jiha ɗaya ce. Na ce wa kawu Peter Obi ya bar lema kwana kaɗan kafin taron, kuma ba shi kaɗai ya fita ba. Kawu ya ce ashe da jar hula nake kwana. Direba ya ce an saye ni.

Gardama ta kai ga bunsuru. Liman ya ce in dai mutum zai cinye dukiyar wani saboda sakamako, caca ce. Sai suka sake dabara: su haɗa kuɗi su saya, wanda ɗan takararsa ya faɗi ya mayar wa ɗayan rabinsa, a yanka majalisa ta ci. Da aka zo batun wurin ajiya, mutanen da suka gama zargina jiya suka haɗa baki cewa babu adali kamar ni.

Wanda bai taɓa riƙon bunsurun wani ba, bari ya ji. Da damina ba a sakinsa, domin shuka ta fito, ɓarna ɗaya mai unguwa zai kira ka. Igiyar leda ba ta kwana biyu a wuyansa, taunewa yake yi, sai sarƙa da turke mai zurfi. Ciyawa safe da yamma, ruwa da ɗan kanwa. Kaka na wucewa sai harawa da kowar wake da dusa, kuma duk na saye ne. Ga wari. Uwargida ta daina shanya a wannan ɓangaren tsakar gida tun ranar da ya cinye gefen zanenta na biki. A watan Fabrairun 2023, da aka shiga ƙarancin takardun naira, mai dusa ya rantse ba ya karɓar taransifa. Na bi layin mai POS don cikin dabbar da ba tawa ba, masu ita kuwa suna zaure suna turo hotunan taron kamfe.

Aka yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu, aka sanar da asubahin 1 ga Maris. Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. A Jigawa Tinubu ya samu 421,390, Atiku 386,587, Kwankwaso 98,234. Mai shayi ya yi ta zuba madara ba awo. Na wasa wuƙa, na ce tunda duk sun faɗi, a zo a yanka.

Direba ya ce sam, Madugu ya ci Kano da ƙuri'a 997,279, wa ya faɗi? Kawu ya ce nasa ne na biyu a ƙasa, na huɗu ne ya kamata ya biya. Ya ma ɗauko biro ya haɗa na Atiku da na Obi, ya nuna sun haura miliyan 13, kamar hukumar zaɓe na karɓar "da a ce". Daga ƙarshe ya yanke: magana tana kotu, kar a taɓa bunsuru.

Wata daminar ta zo ta same shi a turke. Kotun sauraron ƙarar zaɓe ta yi hukunci ranar 6 ga Satumba, kawu ya ce akwai ta gaba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da Tinubu ranar 26 ga Oktoba. Lahadin da ta biyo baya, ina rumfa ina jona wayoyi, uwargida ta sa ƙanenta ya kai bunsuru kasuwar Gujungu. Ta cire kuɗin dusa da harawa da sarƙa da zane, ta ƙulle canjin a leda ta aika wa kawu. Bai kai kuɗin shayin mutum biyar ba.

A daren suka buɗe sabon zaure ba ni, bisa laifin maguɗi. Wayoyinsu dai har yau wurina suke kwana. Kwanan baya kawu ya yi sallama a ƙofar gida, direba na bayansa riƙe da igiyar tunkiya, wai ta 2027 ce. Ban kai ga amsawa ba uwargida ta ɗaga murya daga ciki: "Kawu, barka da zuwa. Ku kai wa mai shayi, ai nasa ne ya ci."